Kaskon Geng Mai Ruwa

Ƙarar faɗuwar bokitai ce ta fito da Uwar Suozi daga ɗaki, hannunta duk ƙullun masara. Tun ba ta ga abin da ya faru ba bakinta ya ɗauko faɗan da ya saba.

"Geng, yau ma? Shekara ashirin kana jiƙa mini dokin ƙofa, yau kuma bokitin gaba ɗaya ka..."

Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Tsoho Geng mai ruwa ne durƙushe a tsakar gida, sandar ɗaukar ruwa ta zame daga kafaɗarsa, bokitansa biyu na katako sun kife. Amai yake yi, amma babu abinci a ciki, wani farin ruwa ne kamar wanda aka wanke shinkafa da shi. Wandonsa ma ya jiƙe da irinsa. Duk wanda ke zaune a birnin Tianjin na ƙasar Sin a zafin wannan shekarar ya san farin ruwan nan. Ba a kiran sunan ciwon. Damisa ake cewa, shi ma ƙasa-ƙasa, don kada ta ji ta waiwayo.

Ɗakuna tara ne a gidan hayar, kuma kafin tsohon ya ɗago kai bakwai sun rufe. Matar Tian mai ɗinkin takalma ta fizge jikanta daga bakin kwata, ta yi magana ta tsagar taga.

"Yaya, koma ciki. Ni dama na faɗa, a bokitin nan damisar za ta shigo mana."

Uwar Suozi ba ta ji ta ba. Inuwar bango take kallo, ta ga ta kusa haɗuwa da gindinsa. Rana ta take, ke nan yanzu ɗanta zai dawo daga maɗaba'a cin abinci. Ta nufi ƙofar gida da ƙananan ƙafafunta da aka ɗaure tun tana yarinya, tana dafa bango, tana shirya ƙaryar da za ta tare shi da ita a lungu: wuta ta ƙi kamawa, ya je ya ci taliya a bakin titi. Ba ta kai ba. Suozi ya riga ya shigo, da farin ƙyallen ƙungiyarsu a damtse, kuma kallo ɗaya ya yi ya ajiye jakarsa.

Haihuwa huɗu ta yi, uku ta binne kafin su yi haƙori. Da na huɗun ya zo sai ta sa masa Suozi, wato kwaɗo, don ta kulle shi a duniya, ta rataya masa ɗan kwaɗon azurfa a wuya har ya shekara goma sha biyu. Ubansa, Pang, ya rasu yaron yana goye. Yanzu shekarunsa ashirin da uku, ya fi ƙofar ɗakinsu tsawo, amma har gobe in ya yi tari sai gabanta ya faɗi. Da ya shiga Ƙungiyar Matasan Cocin Gadar Gishiri don koyon karatu da buga ƙwallo ba ta hana ba, da aka yi masa baftisma ma shiru ta yi. Abin da ya dame ta shi ne addinin nasu ba ya zama a coci kamar na mutane. Kullum yana lungu. Su ne koya wa 'yan dako rubutu, su ne bin gidaje suna cewa a tafasa ruwa, su ne raba wa yara mafici don kisan ƙuda. Matar Tian tana ce masa addinin kashe ƙuda, Uwar Suozi kuma takan yi dariya, don a lokacin ƙuda ne kawai ke mutuwa.

Yanzu ga shi ya sunkuya ya ɗauki Geng cak, jiƙaƙƙen wandon yana ɗiga a kan takalminsa, ya shiga da shi ɗan ɗakin tsohon da ke kusa da nasu. Ta bi shi zuwa bakin ƙofa ta tsaya.

"Suozi, fito."

"Inna, ɗora ruwa a wuta. In ya tafasa sosai ki jefa gishiri kaɗan."

"Na ce ka fito. Ubanka ne?"

"Maƙwabcinmu ne."

"Maƙwabcin kowa ne. Ka ga wani a nan?"

"Shi ya sa, Inna."

Ta so ta mare shi, ta so kuma ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ta ji yana lallashin tsohon, wai ƙungiya ta buɗe wurin jinya a filin ƙwallonsu, zai nemo amalanke ya kai shi. Geng ya ƙanƙame bakin gadon bulo da hannu biyu.

"A'a, ɗana. Wanda ya mutu a waje ba ya sake shiga gida. An ce ma ƙone mutum ake yi."

"Ƙarya ce, Baba Geng. Ni nake share wurin."

"To ka share. Ni a nan."

A nan ne dabara ta faɗo mata. Ta ce, "In ba zai je ba, ai sai ka kawo likitan naku. Maza. Ni zan zauna da shi."

Suozi ya dube ta da wani irin farin ciki da ya ƙona mata rai. Kada wanda ya yaba mata, don ba tausayi ne ya shigar da ita ɗakin ba. Lissafinta ɗaya ne: duk numfashin da ta shaƙa a ciki, ɗanta bai shaƙe shi ba. Ya nuna mata yadda za ta wanke hannu da jan ruwan magani, ya barbaɗa farar ƙasa a inda aka yi aman, ya fita da gudu.

Shekara ashirin bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ba ta taɓa shiga ɗakin ba, don gwauruwa mai mutunci ba ta shiga ɗakin gwauro. Babu komai a ciki sai gado, da tukunya, da rigar sanyi a ƙusa, da allon makarantar yamma da Suozi ya ba shi. Cikin awa guda tsohon ya zama wani mutum. Idanunsa sun faɗa, yatsunsa sun yamutse kamar na mai wanki. Ta ba shi ruwan gishiri da cokali, tana miƙa hannu daga nesa, tana riƙe numfashi. Cokali uku ya sha, biyu suka dawo.

"Uwar Suozi," ya ce, muryarsa ta dushe. "Leƙa bayan tukunya."

Ta leƙa. Kasko ne na yumɓu, sabo, irin wanda ake ƙona wa mamaci takardu a ciki. Ta san shi, ai ita ta saya wa mijinta nasa. Ranar da za a fita da gawa, babban ɗa ne ke ɗaga shi sama ya buga da ƙasa, sannan a ɗaga akwati. Da shi mamaci ke tafiya, domin duk ruwan da mutum ya ɓarnatar a duniya sai an tara masa ya shanye a can, da wannan kaskon. Shi ya sa ake huda gindinsa, ruwan ya riƙa zurarewa ta ƙasa, a rage wa mutum wahala. Huda ɗaya ake yi. Ta juya wannan ta ga rana na shigowa ta wuri bakwai. A gefe kuma an rubuta wani abu da gawayi, a karkace.

"Sunana ne," in ji Geng. "Ɗanki ya koya mini. Don kada a ba wani nawa."

"Huda bakwai, Geng? Wannan ai rariya ce."

"Shekara arba'in ina ɗaukar ruwa. Kowane taku sai ya zuba. Ke kika ce zan shanye shi duka."

Ta tuna. Ba sau ɗaya ta faɗa ba, ba sau ɗari ba. Duk safiyar da ya jiƙa mata dokin ƙofa sai ta ce, zuba, Geng, kana tara wa kanka ne, kogi guda na jiranka. Magana ce ta fatar baki, irin wadda ake yi don gari ya waye. Shi kuma yakan yi murmushi ya wuce. Ashe yana komawa ɗaki ya ɗauki ƙusa.

"Wasa nake yi," ta ce.

"Na sani. Amma gaskiya ce." Ya haɗiyi yawun da babu. "Ba ni da kowa. In ba a fasa ba, ba zai iso mini ba. Ki ce wa Suozi..."

"A'a."

"Ɗagawa ce kawai, da saki."

"Na ce a'a."

Ta ƙanƙame kaskon a cinyarta. Wanda ya fasa wa mutum kasko ya zama ɗansa, a nan da can. Mamaci ya san hannun da ya aiko masa, kuma in kewa ta kama shi, wannan hannun zai kira. Uku aka kira mata. Ba ta kulle na huɗun shekara ashirin da uku don ta miƙa wa mai ruwa mabuɗi ba, kuma a shekarar damisa.

"Su masu coci ba sa yin wannan," ta ce, don ta sami abin fakewa. "Za ka jawo masa magana a wurin manyansu."

"Ki dai tambaye shi."

Ta san abin da Suozi zai ce. Da tsohon ya lumshe ido sai ta sa kaskon a ƙarƙashin rigarta, ta fita, ta tura shi bayan tulin gawayin ɗakinta.

Likitar da Suozi ya kawo 'yar siririya ce mai yankakken gashi, Likita Shi, tana yi wa ƙungiyar aiki kyauta da rana. Ta nemi jijiya da ƙyar, ta yi wa tsohon ƙarin ruwa, Suozi yana riƙe da kwalbar sama. A waje ta gaya musu gaskiya, zuciyarsa ta tsufa, ba ta sa rai ba. Sannan ta dube su su biyun.

"Ku da kuka taɓa shi, ku kula da kanku kwana biyar daga rabuwarku da shi. In biyar suka wuce ciki bai motsa ba, kun tsira."

Daga nan uwa da ɗa suka shiga kokawar da ba a faɗa. Ya ce ta je ta huta, ta ce ya je ya nemo gawayi. Ya ɗauki tasar amai, ta fizge. Matar Tian kuwa ta sami abin yi, tana bayan taga tana ba gida labari.

"Wai gwauruwar Pang a ɗakin mai ruwa. To, damisa ma ta iya haɗa aure."

Washegari muryar Geng ta tafi gaba ɗaya. Idanunsa ne kawai ke aiki. In Suozi ya shigo su bi shi, leɓe na motsi ba sauti, sannan su juyo kanta su tsaya. Suozi ya kai kunne bakinsa.

"Inna, me yake cewa?"

"Ruwa yake so."

Ta ba shi ruwan. Ya karɓa, yana kallonta ta saman cokalin, babu fushi a kallon, kuma da akwai da ya fi mata sauƙi. Da la'asar, daidai lokacin da yakan kawo ruwan zagaye na biyu, ya ja numfashi ya ajiye. Suozi ya rufe masa ido, ya durƙusa ya yi addu'arsu. Idon hagu ya sake buɗewa kaɗan, ta wajenta.

Ba a jira kwanaki ba, ba a yi wa gawar damisa haka. Da safe ƙungiya ta aiko da akwati na fararen alluna, tare da sakatarensu Malam Du, mutum mai gilashi da takalmin turawa wanda ya yi ta ba mutanen gida haƙuri kamar shi ya kawo ciwon. Aka zuba farar ƙasa a cikin akwatin, aka buga ƙusa. Amma tun kafin nan Uwar Suozi ta ga abin da ya tsinka mata zuciya. Suozi ya bar kununsa na gero rabi. Ya ce ba ya jin yunwa. Fuskarsa ta yi fari, kuma da ya tashi ya dafa bango.

"Cikinka ne?"

"Gajiya ce, Inna."

"Ka zagaya yau?"

"Inna, don Allah."

Gajiya ce, wataƙila. Kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Amma wani tunani ya shige ta kamar ƙaya: tsohon ya tafi da buƙata a baki, ido a buɗe. Wanda aka hana abin shan ruwa, ina zai nufa in ba ɗakin da aka ɓoye shi ba? Ta ɓoye kaskon don kada a kira ɗanta, ga shi ko ta ina ta juya kiran take ji.

Masu ɗaukar gawa huɗu suka zo da ƙyalle a hanci, suka ɗaure akwatin a jikin sanduna a ƙofar gida. Maƙwabta suka fito suka tsaya nesa, don tsoro bai taɓa hana mutanen lungun nan kallo ba. Shugabansu, wani mai wuyan bijimi, ya tofa yawu a tafi, ya duba hagu da dama.

"Ina kasko? Wa ke fasawa?"

Maƙwabta suka kalli juna.

"Ba shi da kowa," in ji wani.

"To a samo kowa. Ni ban taɓa ɗaga gawa ba a fasa ba, ba kuma zan fara da ta damisa ba."

Malam Du ya gyara gilashi, ya fara bayani a hankali cewa marigayin yana hannun Ubangiji yanzu, ba ya buƙatar yumɓu. Mai wuyan bijimi ya saurare shi da ladabi, bai taɓa sanda ba. Rana tana hawa, ƙuda sun fara taruwa a kan allunan.

Uwar Suozi ta juya ta shiga ɗaki. Da ta fito da kaskon, baƙi da ƙurar gawayi, Suozi ya ga rubutun gefensa ya gane hannun ɗalibinsa. Ya dube ta.

"Wannan yake faɗa jiya?"

"Shi ne."

"Ni ya ce?"

"Kai ya ce."

Bai yi mata faɗa ba. Ya juya wajen sakataren. "Malam Du, ni ban yarda akwai wani kogi da ke jiransa ba. Amma shi ya yarda, kuma ni ya roƙa." Malam Du ya cire gilashin yana gogewa, ya daɗe yana gogewa, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Suozi ya miƙo hannu biyu. "Kawo, Inna."

Ta kalli hannuwan. Tawadar maɗaba'a a farce, jan magani a tafi, kuma suna ɗan rawa. Ta ja da baya.

"Inna."

"Matsa."

Ta ratsa shi, tana tangaɗi a kan ƙananan ƙafafunta, ta je gaban akwatin inda ɗa ke durƙusawa, ta durƙusa. Lungun ya ɗauki guna-guni. Mace ba ta fasa kasko, balle matar wani, balle gwauruwar da ta shekara ashirin da biyu ba a taɓa jin kanta ba.

"Yaya, kin san me kike yi?" in ji Matar Tian, kuma wannan karon babu dariya a muryarta. "A matsayin wa? Me za ki ce wa Pang in kun haɗu?"

"Zan ce masa ɗansa na nan da rai."

Mai wuyan bijimi ya sosa ƙeya. "Uwa, sau ɗaya ake bugawa. In bai fashe ba, ba a sakewa."

"Na sani."

Ta ɗaga kaskon sama da kanta. Ya fi yadda ta zata nauyi, rana ta zubo mata a fuska ta hudojin bakwai. Tsoro ya cika ta. Ta yi magana yadda akwatin kaɗai zai ji.

"Geng, duba da kyau. Hannuna ne. In kiran ne, ni za ka kira."

Ta buga shi a kan dutsen bakin ƙofa da duk ƙarfin da ya rage mata. Ya tarwatse, har wani ɓallin ya faɗa kwata.

"A ɗaga!" in ji mai wuyan bijimi, sandunan suka yi ƙara, akwatin ya tashi. Suozi ya ɗago ta, ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya bi bayan gawar tare da Malam Du, su biyu kacal. Ta tsaya tana kallon tafiyarsa har suka sha kwana, tana duba ko zai sake dafa bango.

Ranar bai ci komai ba sai ruwan zafi. Kwana na biyu ya sha kunu. Ita kuwa ba ta iya zama, in ya zagaya sai ta sami abin sharewa kusa da wurin, tana kasa kunne. Matan gidan sun daina gaishe ta, in ta fito su shiga, ba ta san ko damisa suke gudu ko kaskon ba, ba ta kuma tambaya ba. Nata cikin ma takan tsaya ta saurare shi, amma sai bayan ta gama sauraron nasa.

A safiyar kwana na biyar Suozi ya shanye kwano biyu, ya haɗa da dunƙulen masara, ya ɗaura farin ƙyallensa, wai akwai wani lungu bayan kasuwar kifi da ba a kai musu farar ƙasa ba. Ba ta hana shi ba. Saura yini guda.

Babu mai ruwan da ya yarda ya shigo gidan tun ranar, don haka ta ɗauki ɗaya daga bokitan Geng, wanda Suozi ya wanke da jan magani, ta tafi famfon bakin lungu. Rabi kawai ta cika. Ta dawo a hankali, hannu ɗaya a bango, tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ta ratsa tsakar gida ko ɗigo bai zuba ba. Da ta ɗaga ƙafa za ta haye dokin ƙofarta, bokitin ya karkata, ruwa ya fantsamo ya jiƙa dutsen, daidai wurin da ya yi baƙi saboda shekara ashirin na jiƙewa.

Ta ajiye bokitin. Ta tsaya a kan ruwan da ya zube har rana ta shanye shi.